Rariyar da Ban Rina Ba

Ku da kuke zuwa zaurena kuna cewa in koya muku aikin nan na kwamfuta, ku gyara zama ku ji. Na san abin da kuka gani. Kun ga tsoho a kan tabarma da kwamfuta a cinya yana danne-danne, fanka na kaɗa shi, sai kuka ce ga sana'ar da ba ta sa wa mutum kanta a tafin hannu. Kallon kitse kuke wa rogo. Layi ɗayan da kuka ga na rubuta, wani lokaci aikin mako biyu ne a bayansa, kuma yawancinsa a tsugune ake yin sa a bakin famfo, da rariya a hannu.

Bari in fara da abin da muke tsinta, don na lura rabinku ba ku san shi ba. A wani zamani mai nisan gaske, teku ya taɓa kwanciya a wurare da dama da yau suke tudu. Ƙasar Sakkwato na cikinsu, farin dutsen nan da ake siminti da shi a ƙarƙashin ruwa ya taru. A cikin tekun akwai ƙananan halittu masu ɓawo, da yawansu ba su kai rabin ƙwayar gero ba. In sun mutu sai ɓawonsu ya nutse cikin laka, lakar ta daskare ta zama dutse, su kuma suna ciki har yau. Wani a naɗe yake kamar katantanwa, wani ɓari biyu ne kamar wake, wani dogo kamar zangarniyar masara. Mu a ɗakin aikinmu ƙwaya kawai muke ce musu. Masana na duniya suna da wani babban rumbun bayanai a intanet, inda kowa ke zuba abin da ya samu: wace irin ƙwaya ce, a wane wuri, a zurfin ƙafa nawa, cikin wane irin dutse, kuma wa ya tsince ta. In ka danna sunan ƙwaya sai taswira ta fito da ɗigo-ɗigo. Da waɗannan ɗigon ake sanin inda teku ya kai da inda bai kai ba, da irin halittun da suka yi yawa a kowane zamani. Masu neman mai da masu neman ruwa duk suna leƙawa.

Ni ba da karatu na shiga ba, da tsintsiya na shiga. Bayan na gama sakandare a nan Daura, wani kawuna ya samo mini aikin shara a sashen nazarin duwatsu na wata jami'a. Mai kula da ɗakin wankin samfur, wato ƙasar da aka ɗebo don bincike, a lokacin wani ɗan ƙabilar Ibo ne da muke kira Oga Ben, haihuwar Arewa, Hausarsa har da karin magana, ga faɗa kamar ya ari baki. Wata rana ya bar rariya a bakin famfo ya tafi amsa kira, ruwa na neman ambaliya da abin da ke ciki, sai na ɗauka na ci gaba da girgizawa yadda na ga mahaifiyata na yi in tana tankaɗe. Da ya dawo bai ce na kyauta ba. Ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko uwata tuwo take sayarwa. Na ce a'a, fura. Ya ce daga gobe in ajiye tsintsiya.

Samfurin farko da ya bar ni na wanke ni kaɗai, wata baƙar laka ce mai ganye-ganye daga wani rami a ƙasar Sakkwato. Sai ka farfasa ta da ɗan guduma a hankali, ba dakan sakwara ba, ka zuba a kwano, ka zuba ruwan zafi da soda, ka bar ta ta kwana ta saki jiki. Washegari ka juye a rariya. Rariyarmu ta tagulla ce, idonta ya fi na kowane matankaɗi ƙanƙanta, in ka ɗaga ta a rana kamar ƙyalle za ka gani. Ka sakar mata ruwa siriri, kana motsawa da cikin yatsa, ba da farce ba, har lakar ta tafi, ɗan tsaki ya rage. Wannan tsakin za ka busar, ka barbaɗa shi a wani baƙin faranti mai layi-layi, ka sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, irin na asibiti. Daga nan sai tsinta. Da buroshi ake yi, mai gashi ƙanƙani, ka ɗan jiƙa bakinsa, ka taɓa ƙwayar ta manne, ka ɗauke ta zuwa wani ɗan kati mai baƙin gurbi da aka shafa wa ƙaro. Oga Ben da harshe yake jiƙa nasa buroshin, ni ma haka na koya, sai in azumi ya zo in ajiye ruwa a murfin kwalba. In atishawa ta zo maka ka juya baya da sauri, in ba haka ba aikin wuni ya tashi sama. Ni ta taɓa kama ni sau ɗaya, na kuma sha zagin da har yau ina iya maimaita shi.

Dokokin Oga Ben guda biyu ne, kuma bai gajiya da faɗarsu. Ta farko, kowane samfur a raba shi biyu, a wanke rabi, a ƙulle rabi a ajiye, saboda ranar da wani zai ce ƙarya kake yi. Ta biyu ita ce rinin rariya. Komai iya wankinka, sai ƙwaya ɗaya ko biyu sun maƙale a idon rariya ko a kusurwar bakinta, ba ka ganinsu. In ka zuba sabon samfur sai su saki su shige cikinsa, ka zo kana murna ka sami abin da ba na wurin ba. Don haka akwai wani shuɗin ruwa kamar bula da muke ajiyewa a roba. Kafin kowane sabon samfur, sai ka tsoma rariyar a ciki. Duk ƙwayar da ta maƙale za ta sha shuɗi. In ka zo tsinta ka ga shuɗiyar ƙwaya, ka san baƙuwa ce, ka ɗauke ta ka yar. Shekara da shekaru yatsuna shuɗaye ne, har in na zo gida hutu abokai na tsokanata wai na koma marina.

Kowace sana'a tana da shekarar da ba a son tunawa. Tamu ta zo bayan Oga Ben ya yi ritaya ya koma garinsu, ɗakin ya dawo hannuna. Aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe sito da kwaɗo, mai makullin ya tafi ƙauyensu. Wuta ba ta zuwa, famfo ya ƙafe. Ni kuwa zaman banza ba ya karɓata, ga buhunan samfur jibge. Sai na riƙa sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, da soda ta ƙare na koma jiƙo da kanwa, ta kuwa yi aiki, ina shanya a rana maimakon tandar busarwa ta lantarki, ina jawo madubi bakin taga. Ina alfahari da wannan dabarar har gobe. Abin da ban sami madadinsa ba shi ne shuɗin. Ya ƙare ƙaf. Na gwada bular wanki, ba ta kama ɓawon, ruwa ɗaya take fita. Sai na ce a raina, ai hannuna ya faɗa, buroshi da ruwa sun isa. Na yi wajen wata biyu ina wanki ba rini.

A cikin watannin nan ne na wanke samfurin Mai'adua. Ba wanda ya aike ni, son garinmu ne ya sa. Na zo gida na tarar ana haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye kusa da Mai'adua, na roƙi masu haƙar su riƙa ɗibar mini abin da injin ke fitarwa duk sanda suka ƙara sandar haƙa, ina ƙullawa a leda ina rubuta zurfin. Suna yi suna dariya, wai mutum ya baro birni ya zo yana tara ƙasa. Duk masana sun ce teku bai zo ƙasar Daura ba, yashin koguna ne a kan dutsen asali. Na sani. Amma da na wanke ƙulli na tara na sa a madubi, sai ga ƙwayoyi bakwai, farare tas, irin na teku. Abin nema ya samu. Na tashi na zaga ɗakin, na dawo na sake leƙawa, suna nan. Na manna su a kati, na rubuta sunan ƙauyen da zurfin da sunana, na sa a durowa. Ban tsaya na tambayi kaina me na wanke jiya da wannan rariyar ba. Wanda ya ga abin da zuciyarsa ke so ba ya yawan tambaya.

Bayan shekaru aka kawo kwamfutoci, aka ce duk katunan da ke durowoyi a shigar da su rumbun duniya. Ni na zauna na koyi bugawa da yatsa biyu, na shigar da dubbai. Da na zo kan katin Mai'adua na shigar da shi kamar sauran. A jadawalin akwai gurbin wuri, da na zurfi, da na sunan mai tsinta, amma babu gurbin da ke tambayar ko an rina rariya. Tun daga ranar, in ka buɗe taswira za ka ga ɗigogi sun yi cincirindo a wajen Sakkwato, sai fili fetal, sannan can gabas ga ɗigo ɗaya tilo a bakin iyakar Nijar. Nakan buɗe in nuna wa baƙi, in ce ga teku a ƙofar gidanmu.

Na yi ritaya na dawo Daura da adakata da tsohon madubin da aka yi gwanjonsa na saya. Ina ɗan karɓar aikin tsinta daga masu bincike, ina shigar musu da bayanai, shi ne abin da kuke gani ina yi. Wata ranar Talata da hantsi aka yi sallama, sai ga wata matashiya da jakar goyo da buhu a hannu, tare da mahaifinta a kan babur. Ta ce sunanta Sa'adatu, 'yar Baure ce, tana karatun digiri na uku a jami'ar da na bari. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar ta ga wani babban malami, ta ce tun tana aji uku a jami'a take ganin sunana a jikin ɗigon Mai'adua, shi ya sa ta zaɓi wannan karatu. Aikinta shi ne ta tabbatar teku ya zo ƙasar Daura, ta kuma nuna iyakarsa.

Shekara biyu ta yi tana bin rijiyoyi. Duk inda ta ji ana haƙa, daga Mashi zuwa Mai'adua zuwa ƙauyukan Baure, mahaifinta zai bar gonarsa ya goya ta a babur su tafi. Masu haƙa har sun sa mata suna, in sun hango su sai su ce ga mai neman teku nan. Rijiya arba'in da wani abu ta ɗiba, ba ta sami ƙwaya ko ɗaya ba. Jami'a ta ba ta zango ɗaya na ƙarshe, in ba ta kawo sakamako ba a sallame ta. Farfesan da ke duba ta ya ce tunda wani ya samu a wurin ita ba ta samu ba, to matsalar a hannunta take, ta je wurin mai hannun ta koyo.

Na ce ta wanke ɗaya in gani. Muka fita tsakar gida, ta ɗaure bakin hijabinta, ta fito da rariyarta, ta fito da robar shuɗi ta tsoma ba tare da na ce mata komai ba. Ta raba samfurin biyu ta ƙulle rabi. Yadda take motsa yatsa a cikin ruwan, da Oga Ben na nan da ya rasa abin faɗa, shi da ba ya rasawa. Ta zauna a madubi ta bi farantin layi-layi ba ta tsallake ko ɗaya ba. Babu abin da zan koya mata. Da muka gama ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton ƙwayoyina bakwai da ta ɗauka daga durowar jami'a, ta ce abin da ya fi burge Farfesa shi ne yadda suka yi kama da na Sakkwato sak, har launinsu, kamar daga rami ɗaya aka ɗebo su. Tana faɗin haka na tuna watannin nan da na yi wanki ba rini.

Da suka tafi na buɗe adaka na ciro littafin aikina na wannan shekarar. Ina rubuta komai, wannan ma koyarwar Oga Ben ce. Ga shi nan da rubutuna: ranar Litinin, farar lakar Sakkwato, ƙwaya ba iyaka. Ranar Talata, Mai'adua ƙulli na tara. A saman shafin kuma, makonni kafin nan, na rubuta kalma uku: shuɗi ya ƙare. A ƙasan adakar, cikin wani gwangwanin madara, ga rabin ƙulli na tara yana nan a ƙulle yadda na bar shi. Tunda ni na ɗebo shi da kaina ba jami'a ba, ba wanda ya san da shi a duniya sai ni.

Ba zan ɓoye muku ba, kwana uku na yi ban ce komai ba. Kullum tana zuwa da safe, ina sa ta wanki, ina cewa ƙara ruwa, rage ruwa, alhali na san ba ruwan ba ne. Na ji kunya, na kuma ji tsoro. Shekara talatin da wani abu na yi a wannan aiki, ban da digiri, ban wallafa littafi ba, abin da nake da shi sunana ne a gurbin mai tsinta. Shaiɗan ya yi ta raɗa mini cewa a bar kaza cikin gashinta, gwangwani ne kawai, wa zai tambaya. A rana ta uku bayan la'asar ta ɗago daga madubi, ta goge idonta, ta ce:

"Baba, na gode da ɗawainiya. Gobe zan koma in gaya wa Farfesa gaskiya, hannuna ne bai iya ba. Tausayin mahaifina kawai nake ji, damina biyu ya yi yana raba hankalinsa tsakanin gona da yawona."

Na tashi na shiga ɗaki na fito da gwangwanin da littafin na ajiye a gabanta. Na ce ta rina rariyarta ta wanke wannan. Ta karanta rubutun jikin ledar, ta dube ni, ta tashi ta jiƙa shi. Sai da muka jira ya jiƙu ya kwana. Washegari ta wanke, muka shanya, ta zauna ta bi farantin sau biyu, sannan ta matsa na zauna na bi shi sau ɗaya. Yashi ne, da ɗan ƙyalƙyalin dutse, babu ƙwaya ko ɗaya. Na buɗe mata shafin littafin na ɗora yatsa a kan kalmomin nan uku.

"'Yar nan, hannunki lafiya lau yake," na ce. "Nawa ne ya yi ɓarna. Ƙwayoyin nan na Sakkwato ne, a rariyata suka maƙale. Ban rina ba."

Ta daɗe tana kallon shafin. Na so ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ta tattara buroshinta da rariyarta ta sa a jaka a hankali, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Shekara biyu, Baba." Mahaifinta na waje a inuwar bishiyar bedi yana jiranta. Na ji tashin babur ɗinsu har ya sha kwana.

Kwana takwas ban ji ɗuriyarta ba, ni kuma ban da fuskar da zan kira ta. A rana ta tara ta dawo, wannan karon da wata babbar takarda a naɗe. Gaisuwar a taƙaice ta yi ta, ban kuwa ga laifinta ba. Ta shimfiɗa takardar a tabarma ta danne kusurwoyin da takalmanta da kofin shayina. Taswirar masarautar ce, ta zana kowace rijiya da ta ɗiba. Ta ce da ta koma gida ta kasa zama, sai ta ɗauko littafinta ta fara karantawa daga farko, wannan karon ba tana neman teku ba. Ashe duk rijiyar da ta je ta rubuta launin yashin, da kaurinsa, da zurfin da aka tarar da dutsen asali, da wasu gutsattsarin icce da suka zama dutse waɗanda take ta tsinta tana turewa gefe don ba su take nema ba. Da ta jera su sai ga hanyoyin tsoffin koguna sun fito, ga inda suka nufa. Ta kai wa Farfesa. Ya ce wannan aiki ne, har ya fi na farkon, domin sanin inda teku bai kai ba shi ke nuna bakin gaɓarsa. Amma ya ce akwai sharaɗi. Muddin ɗigon nan na nan a rumbu, masu jarrabawa za su ɗaga shi su ce ga hujja a kanta. Kuma masu kula da rumbun ba sa taɓa bayani don ɗaliba ta ce, sai wanda ya shigar da shi ya rubuto da kansa.

Ta riga ta rubuto mini wasiƙar, hannu kawai zan sa. Na sa tabarau na karanta. Yarinyar kirki, duk da abin da na ja mata ta nemi ta rufa mini asiri. Ta rubuta cewa an sake duba samfurin, ana shakkar sakamakon farko, a cire shi. Babu rariya a ciki, babu shuɗi. Na ce ba haka za a yi ba. In aka share ɗigon shiru, katin na nan a durowa da ƙwayoyinsa bakwai, wata rana wani zai buɗe ya gani ya sake shigarwa, wata Sa'adatun ta sake hawa babur. Na ce ta buɗe kwamfuta in faɗa tana rubutawa. Muka rubuta ranar da shuɗi ya ƙare, da abin da na wanke ranar Litinin, da abin da aka samu a rabin da aka ajiye, muka haɗa da hoton shafin littafin. Na roƙi kada su goge, su bar shi da alamar cewa gurɓatacce ne, da dalilin, da sunana a jiki. Da muka zo kan sunan ta ɗago ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce tunda ni na sha yabon ɗigon shekara da shekaru, ba wanda ya kamata ya ɗauki kunyarsa sai ni.

Amsa ta zo bayan mako biyu, daga wata mata cikin masu kula da rumbun da ban taɓa gani ba, a wata ƙasa mai nisa. Ta yi godiya, sannan ta yi tambayar da na san za a yi: sauran samfuran da aka wanke a wannan lokacin fa? Na zauna da littafina kwana huɗu ina bin shafi-shafi. Duk abin da na wanke daga ranar da shuɗi ya ƙare har ranar da aka buɗe sito na jera shi na aika, har da waɗanda nake da yaƙinin lafiyarsu lau, don yaƙinina ne ya kai ni inda ya kai ni. Duk aka sa musu alama. In kun buɗe yanzu za ku gani, jerin sunana ne da jan rubutu a gefe. Suka kuma karɓi rijiyoyin Sa'adatu suka shigar, a matsayin wuraren da aka duba da kyau ba a samu ba. Ku da kuke son wannan aiki ku riƙe wannan: in kun wanke ba ku sami komai ba, ku rubuta babu, ku sa sunanku. Kada ku ji kunyar fanko.

Ban je ranar da ta kare aikinta ba, ƙafata ba ta bari in yi doguwar tafiya. Mahaifinta ne ya tsaya a ƙofar gidana da yamma, ko babur bai kashe ba, ya ce an gama lafiya, yanzu sai a riƙa ce mata dakta. Ya miƙo mini ƙullin gyaɗa daga gonarsa. Na karɓa da hannu biyu, daga mutumin da na ci wa damina biyu. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, Allah Ya sa mu dace, ya ja babur ɗinsa.

Ita kuwa ban sake ganinta ba har aka yi wata biyar, na ɗauka shi ke nan, ta sami abin da take buƙata a wurina, kuma ta yi daidai. Wata safiya ina zaune a nan inda kuke zaune, sai ga mota ta tsaya, direba ya fara sauke buhuna yana jerawa a jikin bango. Ta fito a baya. Ta ce jami'a ta ɗauke ta aiki, an kuma ba ta wani bincike a can yamma, inda ake zaton bakin tekun yake, wurin da ƙwaya ɗaya tak za ta iya matsar da layin taswira. Na ce madalla, ai akwai matasa masu ƙarfin ido a ɗakin wankin jami'a, ga famfo ga tanda.

"Akwai su, Baba," ta ce. "Amma wannan samfurin ba ya son kuskure. Ni kuwa a duk waɗanda na sani, kai kaɗai ne na tabbata in wani abu ya faru za ka gaya mini."

Na sunkuya na duba rubutun jikin buhun farko don kada ta ga fuskata. Rubutun a fili yake, wuri da zurfi da rana, ba abin gyara. Na ce wa direban ya shigo da su daga ciki, kada rana ta cinye ledojin.